Rage Hayaƙi a Manyan Sito-Sito Tare da Sauƙaƙa wa Lebura Aiki

Lokacin yajin aikin malaman jami'a na shekarar 2022, wanda ya kai wata takwas, zaman gida ya ishe ni, sai na nemi aikin wucin gadi a wani babban sito da ke unguwar masana'antu a Legas. Aikina shi ne riƙe littafi, ina ƙirga katan-katan na sabulu da taliya da man girki idan za su shiga ko za su fita. Yawancin 'yan dakon wurin Hausawa ne, kuma a bakinsu na gyara Hausar da na koya a aji. Ban da harshe, na lura da wani abu da nake son in yi wa mai karatu bayaninsa a wannan ɗan rubutu, wato yadda abin da ke ƙona man dizal a banza a sito, sau da yawa shi ne kuma yake cinye ƙarfin lebura a banza.

Da farko ya kamata mu san abin da ake nufi da hayaƙin kabon. Ba baƙin hayaƙin nan da ido ke gani yana fita daga salansa ba ne, wannan burbushin man da bai ƙone sarai ba ne. Wadda ake magana a kanta iska ce mai suna kabon dayoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta taru a sararin samaniya sai ta riƙe zafi, duniya ta ƙara ɗumi. Duk lita ɗaya ta dizal da aka ƙona tana fitar da kusan kilo 2.7 na wannan iska. Mu ƙaddara janareton sito yana shan lita 20 a awa ɗaya, kuma ya yi aiki awa 10. Lita 200 ke nan, wato kilo 540 na kabon, fiye da rabin tan a wuni guda. A taron sauyin yanayi da aka yi a Gilasgo a 2021, Nijeriya ta yi alkawarin cewa kafin 2060 kabon da take fitarwa ba zai wuce wanda take iya shafewa ba. Irin wannan alkawari kuwa ba a zauren taro yake cika ba, sai a wuraren da ake ƙona man.

A siton da na yi aiki, hayaƙi ta hanya uku yake fitowa: janareto, da motar ɗaga kaya mai cokula biyu a gaba, da kuma tireloli masu jira a bakin ƙofa. Zan fi daɗewa a kan ta biyun domin ita ce ta fi ba ni mamaki.

An jera kayan siton ne ba tare da wani tsari ba, duk inda aka ga fili nan ake jibge abin da ya iso. Saboda haka taliya, wadda kusan kowace mota sai ta ɗauka, tana can ƙuryar ƙarshe, alhali wani man shafawa da sai a yi mako ba a tambaye shi ba yana zaune a bakin ƙofa. Motar ɗaga kaya ta wuni tana kai da komo, takan tafi fayau ta dawo da lodi, tana ƙona mai a tafiyar da ba dole ba. Su ma 'yan dako haka. Wata rana wani dattijo Bakano da muke kira Baba ya dube ni ina rubutu, ya ce, "Ɗan makaranta, kana ƙirga katan, amma wa ke ƙirga sawunmu?" Na yi dariya a lokacin, daga baya na gane maganar ilmi ce ya yi. Masu nazarin aikin sito sun kiyasta cewa tafiya kawai takan cinye kusan rabin lokacin mai zaƙulo kaya. Maganin abin kuwa ba ya bukatar sayen komai. A duba littafi a ga kayan da suka fi fita, waɗanda galibi 'yan kaɗan ne daga cikin jimlar, a kawo su kusa da ƙofar lodi, a daidai tsayin da mutum ba sai ya sunkuya ko ya hau tsani ba. Masu jinkirin fita a kai su ciki. A kuma tsara yadda motar za ta shiga da kaya ta fito da wasu, kada ta yi tafiya hannu rabbana.

Idan mai sito yana da hali, sai ya maye gurbin motar dizal da mai batir. Ban da rage kabon, wannan yana kawar da hayaƙin da ma'aikata ke shaƙa a rufaffen wuri, wanda ke kawo ciwon kai da kasala, har da ƙarar da ke hana mutum jin ana ce masa ya kauce. Sai dai a nan akwai tarko. Idan da janareton dizal za a yi cajin batirin, to an dai mayar da hayaƙin bayan gini ne. Shi ya sa ake haɗa ta da farantan sola, kuma rufin sito mai faɗi kamar don su aka yi shi, tunda yawancin aikin da rana ake yin sa.

Batun haske ma haka yake. Da tsakar rana muna cikin duhu, ana kunna janareto don fitilu, ga rana tana ƙuna a waje. Sanya 'yan kwanonin roba masu barin haske ya ratsa a tsakanin kwanon rufi yakan rage wannan. Ƙwan LED kuma bai kai rubu'in wutar da tsohon ƙwai mai zare yake ci ba, ko ya kai ɗin da ƙyar. Inda haske ya wadata, kuskuren karanta lambar katan yana raguwa, kuma duk kayan da aka loda bisa kuskure sai mota ta sake ƙona mai ta dawo da su.

Zafi kuwa, wanda bai taɓa shiga sito mai rufin kwano a watan Maris ba ba zai gane ba. Bayan azahar za ka ga ƙarti majiya ƙarfi suna jan ƙafa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi hasashe a rahotonta na 2019 cewa kafin 2030 zafi zai cinye kusan kashi 5 cikin 100 na sa'o'in aiki a Afirka ta Yamma. Shafa wa rufi farin fenti, da buɗe kafofin iska a sama inda zafi ke taruwa, da fara lodi da sassafe, duk suna sanyaya wuri ba tare da an ƙara wa janareto nauyi ba.

Su kuma tireloli, matsalarsu zuwa a lokaci ɗaya. Sai biyar su iso da safe, direbobi su bar inji yana aiki suna jiran layi, leburori su yi ta gudu kamar za su mutu, sannan da yamma kowa ya zauna babu abin yi. Hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ɓullo da tsarin kiran motoci ta intanet a Apapa a watan Fabrairun 2021 saboda irin wannan cunkoso. Ƙaramin sito ba ya bukatar na'ura, wayar hannu da allo sun isa a ba kowace mota lokacinta.

Akwai wani gefe da ba zan ɓoye ba. Da na kawo wa Baba maganar sake jera kaya, bai yi murna kamar yadda na zata ba. Ya ce, "Idan aikin mutum goma ya koma na bakwai, ukun ina za su?" Tambayar tana da nauyi, domin 'yan dakon ba su da takardar ɗaukar aiki, a kan kowace mota ake biyan su, su raba. Idan motoci sun ƙaru saboda lodi ya yi sauri, kuɗinsu zai ƙaru. Idan kuwa motocin ba su ƙaru ba, mai sito ne kaɗai zai ci ribar man da aka tsimi, wasu kuma a sallame su. A ganina, ya kamata tun kafin a taɓa katan ɗaya a zauna da shugaban 'yan dako a yi yarjejeniya a kan kuɗin mota da yawan ma'aikata, domin su ne suka san kayan da ke fita kullum da lungun da mota ke maƙalewa, kuma ba za su faɗa ba muddin suna tsoron bakinsu zai raba su da abincinsu. Har na koma makaranta a watan Oktoba, taliyar tana nan a ƙuryar ƙarshe.