Tsohon faifan garmaho: mu mun jefa shi bayan ɗaki, wasu na neman shi da miliyoyi

Akwai gidaje da yawa a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, inda in aka buɗe tsohuwar adakar maigida, ƙarƙashin takardun lanho da hotunan aure, za a tarar da waɗansu baƙaƙen faya-fayai masu ƴar kafa a tsakiya. Yaran yanzu ba su san amfaninsu ba. Wata ta rufe tulu da su, wani ya kafa su ga bango don ado, yara kuma su gara su a tsakar gida har su fashe. Alhali kuwa a Turai, da Amurka, da Japan, akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai neman irin waɗannan faya-fayai, har wani lokaci su biya kuɗin da zai gina gida domin faifai guda. Ya kamata mu san dalilin haka, domin ƙasarmu ma tana da nata rabo cikin zancen.

Asalin faifai

Cikin shekara ta 1877 ne Thomas Edison, mutumin Amurka, ya ƙera na'urar farko mai ɗaukar murya ta maido ta. Bayan shekara goma, a 1887, Emile Berliner ya fito da garmaho mai aiki da faifai shimfiɗaɗɗe. Da abin ya iso ƙasar Hausa, kakanninmu suka dubi siffarsa, suka ga kamarsa ɗaya da faifan da mata ke rufe ƙwarya da shi, suka raɗa masa wannan suna.

Faya-fayan farko da wani ƙaro ake yin su, wanda wani ƙwaro ke fitarwa a Indiya da ƙasashen da ke kusa da ita. Suna juyi 78 cikin minti guda, kowane gefe waƙar minti uku ko huɗu yake ɗauka, kuma in sun faɗi sai su fashe kamar kasko. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai na wata irin roba da ake kira binil, mai juyi 33 da sulusi, wanda gefe guda ke ɗaukar minti ashirin ko fiye. A 1949 kamfanin RCA Victor ya biyo da ƙaramin faifai mai juyi 45, waƙa ɗaya a kowane gefe. Muryar tana kwance ne cikin wani siririn layi da ya naɗe kamar gammo daga bakin faifai zuwa tsakiya. Allura ke bin layin, tana rawa, rawar nan ita ce sautin da kunne ke ji.

Daga baya kaset ta fito a 1963, faifan CD ya biyo a 1982, mutane suka juya wa garmaho baya. Sai ga shi abin ya komo: a Amurka, cikin 2022, an sayar da sabbin faya-fayan roba fiye da na CD, abin da ba a gani ba tun 1987.

Labarin faifan Frank Wilson

Domin mu gane yadda ƴar roba ke zama dukiya, bari mu ɗauki labarin faifai guda. A da, a birnin Detroit na Amurka akwai wani kamfanin kiɗa na baƙar fata da ya yi suna a duniya, Motown, wanda Berry Gordy ya kafa. A 1965 wani saurayi ma'aikacin kamfanin, Frank Wilson, ya rera wata waƙa mai suna «Do I Love You (Indeed I Do)». Aka buga kimanin faifai 250 na gwaji, masu juyi 45, irin waɗanda ake rabawa gidajen radiyo. Kafin a raba su, mai kamfanin ya nemi saurayin ya zaɓi ɗaya: ko ya zama mawaƙi, ko ya tsaya ga tsara wa wasu waƙa. Wilson ya zaɓi tsarawa, aka lalata faya-fayan. Ya ci gaba da aikinsa, ya tsara wa manyan ƙungiyoyi irin su Supremes da Four Tops waƙoƙin da suka yi kasuwa, tasa waƙar kuwa aka manta da ita.

Sama da shekara goma bayan haka, aka tsinci guda cikin ma'ajiyar kamfanin. A lokacin nan samarin arewacin Ingila, ƴaƴan ma'aikatan masana'antu, sun kamu da son tsofaffin waƙoƙin baƙar fatar Amurka masu saurin kiɗa, musamman waɗanda ba kowa ya san su ba. Waƙar Wilson ta isa wani gidan rawa a garin Wigan, ta zama abin da kowa ke jira a sa, har Motown ta fitar da ita kasuwa a Ingila a 1979. Tun daga nan duk mai son jin waƙar yana iya sayen sabon bugu da ƴan kuɗi kaɗan. Amma bugun 1965, shekara da shekaru guda biyu rak aka sani a duniya. Cikin watan Mayu na 2009 aka yi gwanjon ɗaya, aka saye shi fam 25,742 na Ingila, watau wajen miliyan 19 na kuɗinmu na sefa a canjin lokacin. Wilson ya rasu a 2012, ya ga darajar waƙar da aka binne masa.

Abin da ke sa tsada

Labarin nan ya nuna mana cewa tsufa kaɗai ba ya sa faifai tsada. Abu huɗu ne ke haɗuwa.

Na farko, ƙaranci. Faifan da aka buga kaɗan, ko aka janye daga kasuwa, ko aka lalata, shi ne ke wuya. Na biyu, masu nema. Da samarin Wigan ba su so waƙar Wilson ba, da faifan ya ci gaba da kwana cikin ƙura ko da shi kaɗai ne a duniya. Faifan «Thriller» na Michael Jackson, na 1982, da «Sweet Mother» na Prince Nico Mbarga, na 1976, wanda ya cika kasuwannin Afirka, kowa na son su, amma an buga miliyoyi, saboda haka kuɗinsu ba ya tashi. Kamar hatsi ne: da kaka yana araha, da bazara ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa sai tiya ta hau.

Na uku, lafiyar faifan. Masu saye suna duba shi a gaban fitila, su nemi ƙarzuwa, su ga ko ya lanƙwashe, su duba kwalin da yake ciki da takardar tsakiya. Faifai biyu na bugu ɗaya, mai tsabta yana iya ninka mai ƙarzuwa sau goma ko fiye. Suna kuma karanta ƴan lambobin da aka zana kusa da takardar tsakiya, domin su ne ke bambanta bugun farko da na baya, su kuma tona asirin na jabu.

Na huɗu, hannun da ya riƙe shi. A 1968 ƙungiyar Beatles ta Ingila ta fitar da wani faifai mai farin kwali, kowane kwali da lambarsa. Mai lamba 0000001 yana hannun makaɗin gangarsu, Ringo Starr. Cikin Disamba 2015 aka yi gwanjonsa dalar Amurka 790,000 (ba dalarmu ta tamma biyar ba), watau sama da miliyan 450 na sefa. Cikin Janairu na 2015, faifan da Elvis Presley ya biya wajen dalar Amurka huɗu aka ɗaukar masa a 1953, tun yana saurayi ba wanda ya san shi, an saye shi dalar Amurka 300,000. Guda ɗaya ne tak aka yi.

Masu nema sun iso Afirka ta Yamma

Kada mai karatu ya ce wannan zancen Turawa ne. Cikin shekarun 1960 da 1970 an buga faya-fayai masu yawa a Legas, da Kwatano, da Abijan, da Ankara ta Gana. Ƙananan kamfanoni ne suka fitar da da dama daga cikinsu, ƴan ɗaruruwa, sannan zafi da ƙura da gara suka cinye mafi yawa. Ke nan sharaɗin ƙaranci ya cika. Daga shekarun 2000 kuma masu nema suka bayyana. Samy Ben Redjeb, wanda ya kafa kamfanin Analog Africa a Jamus, ya bi kasuwanni da gidajen Benin yana tono faya-fayan ƙungiyar Poly-Rythmo ta Kwatano, ya sake buga su tun 2008. A 2013 kamfanin Luaka Bop na Amurka ya tattara waƙoƙin William Onyeabor na Inugu, wanda ya buga faya-fayansa da kansa tsakanin 1977 da 1985, duniya ta san shi shekaru kaɗan kafin rasuwarsa a 2017.

Ƙasarmu ma tana cikin lissafi. Cikin shekarun 1960 Tolia Nikiprowetzky ya ɗauki kiɗan makaɗan Nijar, da na Buzaye, da na Bararo, kamfanin Ocora na Faransa ya buga su a faifai. A 1978 kuma Mamman Sani, mai kaɗa molon lantarki irin na Turawa da ake dannawa da yatsu, wanda kiɗansa ya daɗe yana raka shirye-shiryen radiyo da talabijin na ƙasa, ya ɗauki kiɗansa a gidan radiyo na Yamai. A kaset aka fitar da shi, kimanin guda 100. Bayan shekara 35 wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da guda a gidan kayan tarihi na ƙasa, ya nemi mai kiɗan, suka daidaita, aka buga shi a faifan roba a 2013. Da ba a adana wannan kaset ba, da ƙasashen waje ba su taɓa jin sunan Mamman Sani ba. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya fi kuɗin

Nan ne zancen ya wuce ciniki. Galibi faifan roba daga wani zare ake kwafo shi, wanda shi ne uwa. In uwar ta lalace, ko aka goge ta aka ɗauki wani abu a kai, kamar yadda gidajen radiyo da yawa suka yi saboda tsadar zare, to faifan da ke cikin adaka shi ne shaida na ƙarshe. Ko ƙasashe masu arziki ba su tsira ba: a ranar 1 ga Yuni 2008 gobara ta ci wata ma'ajiyar kamfanin Universal a Amurka, ta ƙone zaruruwa masu ɗimbin yawa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Makaɗin fada da ya rasu, da kirarin sarakunan da ya haddace, da irin Hausar da ya yi waƙa da ita, wataƙila ba su saura ko'ina ba sai cikin layin wannan baƙar roba.

Saboda haka, wanda ke da faya-fayai a gida ya kiyaye waɗannan abubuwa. A jera su tsaye kamar littattafai, kada a ɗora su bisa juna. A nisanta su da rana da rufin kwano, domin zafin watan Afirilu yana lanƙwasa roba, in ta lanƙwashe kuwa da wuya ta miƙe. A bar su cikin kwalinsu, a ɗaga su daga ƙasa saboda gara. A riƙe su ta gefe, a share ƙura da ƙyalle mai taushi ana bin zagayen layin. Kada a sa fetur ko kananzir, kada kuma a taɓa masu juyi 78 da alkol, domin yana narkar da su. Kada a ɗora allurar ƙarfe ta tsohon garmaho mai wani a kan faifan roba, sau ɗaya ya isa ta kashe shi.

In baƙo ya zo saye, ba laifi ba ne a sayar, dukiyar mutum ce. Amma kada a ba da adaka guda a kan jika biyu. A rubuta sunan mawaƙi, da na kamfani, da lambar kowane faifai, a tambayi wanda ya sani, kuma a kwafi sautin kafin faifan ya bar gida. A sani kuma cewa mafi yawansu ba za su kawo kuɗi mai yawa ba, ɗaya cikin da yawa ne ke da tsada. Wanda ya sayi faifai kuwa robar ya saya, bai sayi haƙƙin waƙar ba: in za a sake bugawa, mawaƙi ko magadansa suna da rabonsu.

Ga magabata kuma, ƙasarmu ba ta rasa wuraren ajiya ba: akwai gidan kayan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, da cibiyar koyon kiɗa mai sunan Alhaji Taya, da ma'ajiyar Muryar Sahel. Abin da ake bukata shi ne a yi kira ga jama'a, jiha jiha, su kawo faya-fayansu a kwafa, a rubuta sunan mai shi, a maida masa abinsa. Aikin ba ya cin kuɗi mai yawa, amma kowace bazara da ta wuce tana rage abin da za a samu. Wanda ya karanta wannan shafi, ya buɗe adakar gidansu kafin zafi ya komo. Allah ya sa mu dace.