Baƙanta saitin bindiga

Baƙanta saitin bindiga wata dabara ce da masu gasar harbi da doguwar bindiga ke amfani da ita domin hana saitin ƙarfe ɗaukar ido idan rana ta haska shi. Ana yin ta ne ta hanyar turara saitin da baƙin hayaƙi, ko a fesa masa wani baƙin sinadari marar sheƙi, jim kaɗan kafin a fara harbi. An fi sanin dabarar a Amurka, a gasar bindigogin soja irin wadda ake yi a Camp Perry da ke jihar Ohio tun shekarar 1907.

Yadda ƙyalli ke ɓata harbi

Saitin ƙarfe kashi biyu ne. Akwai na gaba, wani ɗan siririn ƙarfe da ke tsaye kusa da bakin bindiga, da kuma na baya, wanda ƙaramar kafa ce ko tsaga da ke kusa da idon maharbi. Kalmar "saiti" kanta aro ce daga Turanci, kuma a Hausa tana nufin abin da kuma aikin daidaitawa. Maharbi yakan kafa idonsa a kan saitin gaba, ya sa shi tsakiyar kafar baya, sannan ya daidaita shi da baƙar da'irar da ke kan allon harbi. Duk aikin ya dogara ne a kan ganin gefuna da saman wannan ɗan ƙarfe tangaran.

Sabon saiti yakan zo da baƙin rufi daga masana'anta, amma yau da gobe rufin yana gogewa, musamman a kusurwoyi, ga kuma man da ake shafa wa bindiga. Idan rana ta bugi wurin da ya goge sai ya yi ƙyalli, ido kuwa yakan bi haske. A saitin da kansa ke da zagaye, in rana tana dama, ɗigon hasken yakan zauna a ɓangaren dama, maharbi ya ɗauke shi a matsayin tsakiya. Ainihin tsakiyar ta koma hagu ke nan, harsashi kuma ya tafi hagu, wato ya kauce wa inda rana take. Abin da ya fi wannan wahala shi ne kuskuren ba ya tsayawa wuri ɗaya: rana tana tafiya, gajimare yana rufewa yana buɗewa, gyaran da aka yi da hantsi ba zai yi aiki da la'asar ba.

Lissafi yana nuna girman matsalar. A bindigar M16A2, tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya kusan santimita 50 ce. A gasar bindigogin soja ana harbi daga yadi 200, 300 da 600, kuma yadi 600 kusan mita 549 ne, wato tazarar saitin an ninka ta kusan sau 1,100. Saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin goma na milimita a kan saiti yana zama kusan santimita 11 a kan allo. Da'irar da ke ba da maki goma a wannan nisa faɗinta inci 12 ne, kimanin santimita 30, ta can ciki kuma da ake raba gardama da ita inci 6 ce. Kuskuren kashi biyu cikin goma na milimita ya isa ya fitar da harsashi daga maki goma.

Fitilar kabayid

Hanyar da tsofaffin maharba suka fi yarda da ita ita ce hayaƙin kabayid. Kabayid wani sinadari ne mai kama da tsakuwa, shi ne dai wanda masu walda da gas ke amfani da shi. Idan ruwa ya taɓa shi yakan saki iskar asitilin, wadda ke ci da wuta tana ba da hayaƙi baƙi ƙirin. Thomas Willson ne ya gano hanyar sarrafa shi da yawa a 1892 a jihar North Carolina, daga nan aka riƙa ƙera fitilunsa domin masu haƙar ma'adinai, kekuna da motocin farko. Maharba sun ari fitilar masu haƙar ma'adinai, daga baya aka ƙera ƙanana da ke shiga aljihu domin wannan aiki kawai.

Da farko ana tabbatar da cewa babu harsashi a bindiga. Sai a goge saitin a cire mai da tsohon hayaƙi, don sabon ba ya kama ƙarfe mai maiƙo yadda ya kamata. A sa 'yan ƙwayoyin kabayid a fitilar, a ɗiga ruwa kaɗan, a rufe, a ƙyasta. Ana wuce da bakin harshen wutar ta kan saitin gaba sau biyu ko uku, wasu kuma suna haɗawa da fuskar saitin baya. Abin da ke zama a kan ƙarfen garin gawayi ne mai laushi ƙwarai, wanda ke shanye haske maimakon ya mayar da shi. Siririn rufi ake so. In ya yi kauri yakan yi gashi-gashi a gefuna, ya toshe wani ɓangare na kafar baya, a koma gidan jiya.

Rufin ba ya daɗewa, yatsa ko ɗigon ruwan sama ya isa ya ɓata shi, shi ya sa ake sabuntawa kafin kowane zagaye. Dole kuma a adana kabayid a busasshen gwangwani mai murfi, saboda asitilin na iya fashewa idan ta taru. Ba a kai wuta kusa da saitin da ke da roba a jikinsa.

Sauran hanyoyi

Wanda ba shi da fitila yakan yi da ashana, kyandir ko ɗan kafur da aka kunna. Na kyandir ya fi sauƙin samu amma yana da maiƙo, baƙinsa bai kai na kabayid ba. Akwai kuma na feshi a gwangwani, kamar wanda kamfanin Birchwood Casey ya fitar, ba ya buƙatar wuta, sai dai yana saurin yin kauri idan hannu ya yi nauyi.

Wasu saituna tun daga ƙira ake magance musu ƙyalli, ta hanyar yi musu ƙananan tsage-tsage ko karkatar da fuskar ƙarfen yadda za ta zauna cikin inuwar kanta. A gasar Olamfik saitin gaba yana cikin wani gajeren bututu ne da ke yi masa rumfa, na baya kuma ana iya sa masa gilashi mai launi domin rage haske, don haka ba a cika buƙatar hayaƙi a can ba. Dokokin hukumar harbi ta duniya, ISSF, sun nemi a tsara filayen waje yadda rana za ta kasance bayan maharba gwargwadon iko. A Camp Perry ma ana harbi ne a fuskanci arewa, wajen tafkin Erie.

Halin da ake ciki

A 2016 hukumomin CMP da NRA da ke shirya waɗannan gasa a Amurka suka amince a ɗora madubin hangen nesa a kan bindigar soja, muddin bai kusanto da abu fiye da sau 4.5 ba. Maharba da yawa sun koma kansa, amfani da fitilar ya ragu. Har yanzu ana turara saiti a gasar tsofaffin bindigogi irin su M1 Garand da M1903 Springfield, inda doka ta ce a yi harbi da saitin da bindigar ta zo da shi.