Neman Gindin Aure: Daga Tuffar Daji Zuwa Magaryar Aujara

Sau da yawa idan mutum ya sayi tuffa a kasuwar Dutse ya ci ya ji daɗinta, sai ya yi sha'awar shuka 'ya'yan da ke cikinta, da fatan wata rana ya tsinki irinta a gidansa. Wannan fata ba ta cika. Furen tuffa ba ya ɗaukar ciki sai da garin furen wata tuffar dabam, don haka kowane ƙwayar iri gauraye ne na iyaye biyu, kuma abin da yake haifarwa galibi 'yan ƙananan 'ya'ya ne masu tsami. Wannan ne ya sa tun zamanin Rumawa manoma ke yi wa tuffa aure, kamar dai yadda mu a nan muka san mangwaro mai aure.

Bishiya mai aure bishiyoyi biyu ce a jiki ɗaya. Akwai na sama, wato reshe ko ido da aka yanko daga bishiyar da ake son 'ya'yanta. Akwai kuma na ƙasa, wanda za mu kira gindi, shi ne mai saiwa. Tsakanin ɓawo da itacen kowace bishiya akwai wani ɗan siririn sashe mai danshi, wanda ƙwayoyin halittarsa ke ta rarrabuwa. Idan aka daidaita wannan sashe na reshe da na gindi aka ɗaure, sai su haɗe, hanyoyin ruwa da na abinci su buɗe a tsakaninsu. Mutane sun fi damuwa da reshe domin shi ne mai zaƙi, alhali gindi ne ke fama da fari da gara da yanayin ƙasa.

A Turai da Amurka, gindin da aka daɗe ana dogara da shi shi ne tsiron tuffar daji. Akan tara irinta, a ajiye shi cikin danshi da sanyi na wata biyu zuwa uku kafin ya yarda ya tsira. Bishiyar da aka ɗora a kansa takan yi girma da zurfin saiwa da tsawon rai, sai dai tana jinkirin haihuwa, kuma babu gindi biyu masu hali ɗaya. Domin magance wannan ne tashar binciken East Malling da aka kafa a Ingila a shekarar 1913, ƙarƙashin Ronald Hatton, ta tantance gindaye ta ba su lambobi, irin su M9 mai taƙaita girman bishiya, waɗanda ake yaɗawa ta hanyar sassan jikinsu ba ta iri ba.

To, ina manomin Aujara, a ƙaramar hukumar Jahun, zai sami tuffar daji? Amsa ita ce babu ita a dajinmu, kuma ko an kawo ba za ta yi ba. Yawancin nau'o'in tuffa suna bukatar ɗaruruwan sa'o'i na sanyin da bai haura digiri 7 ba a kowace shekara kafin su yi fure. Hunturunmu, duk da kukan da muke yi da shi, bai kai nan ba, ga kuma zafin watan Afrilu da kan haura digiri 40. Shi ya sa ɗan abin da ake nomawa a Nijeriya yake a tsaunukan Jos da Mambila.

Amma muna da namu gindin, wanda yara ke jifa da duwatsu a kan hanyar gona, wato magarya, wadda masana ke kira Ziziphus mauritiana. A nan sai an yi hattara: ba a ɗora tuffa a kan magarya, domin danginsu ba ɗaya ba ne, kuma aure ba ya kamawa sai tsakanin makusanta. Abin da ake ɗorawa shi ne magaryar Indiya, wadda manoman can suka daɗe suna zaɓe har suka fitar da nau'o'i irin su Gola da Seb da Umran. 'Ya'yansu sukan kai girman ƙwan kaza ƙarami, ana cin su ɗanye, suna da garas-garas kamar tuffa, ga sinadarin bitamin C mai yawa. Cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai a Jamhuriyar Nijar, ta yi aiki sosai wajen yaɗa su bayan zuwan Farfesa Dov Pasternak a shekarar 2001, kuma da sunan tuffar Sahel aka san su a can.

Samun gindin magarya hanya biyu ne. Ta farko ita ce reno daga iri. A tsinko 'ya'yan da suka nuna sarai daga bishiya lafiyayya, ba waɗanda suka daɗe a ƙasa tsutsa ta shige su ba. A cire naman, a zuba ƙwallayen cikin ruwan gishiri. Waɗanda suka taso sama holoƙo ne, a zubar. Ƙwallon magarya yana da tauri ƙwarai, idan aka shuka shi haka yakan ɗauki makonni bai tsira ba, wani ma ba zai tsira ba sam. Saboda haka sai a fasa shi a hankali, a ciro 'yan ƙwayoyin da ke ciki, waɗanda ba su cika wuce biyu ba. Su kan tsira cikin mako guda ko biyu. A shuka su cikin leda mai tsawo, domin magarya saiwa take fara turawa ƙasa kafin ta damu da ganye. Wannan saiwar ita ce dukiyar gindin gaba ɗaya. Idan ta naɗe a gindin gajeriyar leda, ko ta tsinke wajen dashe, an yi asarar abin da ake nema, wato jure fari. Da tsiron ya kai kaurin fensir, ya isa aure.

Hanya ta biyu, a ganina, ita ta fi dacewa da manomin karkara, domin ba ta bukatar leda ko ban-ruwa na watanni. Magaryar da ta tsira da kanta a gona, wadda ake sarewa kowace shekara lokacin sharar gona, tana da saiwar da ta riga ta yi shekaru tana nitsewa. Sai a datse ta, a bari ta yi toho, a zaɓi tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi a ɗora musu ido. Irin wannan takan fara haihuwa cikin shekara guda. Kurna ma, da yake 'yar uwar magarya ce ta kusa, an yi amfani da ita a matsayin gindi.

Akwai aiki bayan aure. Gindin daji ba ya saurin sallamawa. Zai yi ta fitar da tohonsa a ƙasa da mahaɗa, kuma idan ba a riƙa cirewa ba, sai ya rinjayi reshen, manomi ya wayi gari da tsohuwar magaryarsa. Awaki kuma suna son ganyen, don haka sai an kewaye da ƙaya. Sa'an nan akwai ƙudan 'ya'yan itace da ke yin ƙwai a cikin 'ya'yan, wanda manyan nau'o'in nan masu laushi suka fi jawowa. Tsince waɗanda suka faɗo a binne su da zurfi yana rage shi. Da yake magarya a sabon reshe take yin fure, akan yi mata aski kowace shekara da bazara, bayan an gama tsinka, kafin saukar ruwan farko.