Farar Fumfuna a Ganyen Lilak da Magungunan da Ba Su da Guba Sosai

Lilak ƙaramar bishiya ce mai fure mai ƙamshi, asalinta duwatsun yankin Balkan, ana kuma shuka ta a lambunan Turai da Amurka ta Arewa. A ƙarshen lokacin zafi na can, wajajen Agusta, ganyenta kan yi fari kamar an barbaɗa masa gari. Wannan ita ce farar fumfuna, wadda masana ke kira Erysiphe syringae. Tana son inuwa da cunkoson rassa da iska mai laima, kuma ba ta bukatar ruwa a kan ganye kafin ta yaɗu. Ɓarnarta ga lilak muni ne kawai, don bishiyar ta riga ta gama fure tun watan Mayu. Saboda haka maganin farko almakashi ne: a rage rassa da zarar fure ya kaɗe, a kwashe ganyen da ya zuba.

In feshi ya zama dole, akwai bekin soda da ɗan mai a cikin ruwa, wanda aka gwada kan furen wardi a Jami'ar Cornell. Akwai madarar shanu, wadda Wagner Bettiol na Brazil ya nuna a 1999 cewa kashi 10 cikin 100 a ruwa na rage cutar a wani nau'in kabewa. Farar wuta ta girme su duka, da ita aka ceci gonakin inabi na Faransa a shekarun 1850.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne man darbejiya. Masu lambu a Amurka kan saye shi a ƙananan kwalabe, alhali 'ya'yan bishiyar na ruɓewa a gefen titunan Maiduguri da Katsina da Maraɗi. Daga Indiya darbejiya ta samo asali, an kawo ta Borno a 1928, kuma da ita aka kafa shingayen tare iska a kwarin Majiya na Nijar daga 1975. A waɗannan yankuna ma dangin farar fumfuna na kama furen mangwaro da hunturu, suna kama kuɓewa da kankana a fadama. Duk da haka manoma da yawa maganin ƙwari suke ɗaukowa, wanda ba ya taɓa fumfuna ko kaɗan, sai dai ya bar guba a kan abinci. Ragowar irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Abin takaici ne a ce har yanzu malaman gona ba su mai da tatsar man darbejiya darasin kowane ƙauye ba.

Waɗannan magunguna rigakafi suka fi yi, don haka ana fara su da ganin tabon farko, a maimaita duk mako ko biyu. Farar wuta na ƙona ganye in zafi ya wuce digiri 32, kuma ba a fesa mai sai mako biyu bayan an sa ta.