Shimfiɗa Ƙasa a Akwatin Kifi Mai Tsirrai

Tsirran da ake shukawa a akwatin gilashin kifi, irin su bado, da saiwa suke cin abinci, don haka ƙasar da aka shimfiɗa a ƙasan akwatin ita ce tushen aikin. Kainuwa ba ruwanta da wannan, tunda a saman ruwa take yawo.

Shimfiɗar hawa biyu ce. A ƙasa ana sa ƙasar noma da aka tankaɗe, kaurin santimita 2 zuwa 3, a gauraya ta da ɗan jan yumɓu saboda sinadarin ƙarfen da ke cikinsa. A sama kuma a rufe da yashi mai ɗan kauri, santimita 3 zuwa 4, don kada ƙasar ta dagula ruwan. Yashin Gulbin Zamfara da ya ratsa Jega yana yi, amma sai an wanke shi a bokiti har ruwan ya fito garau. Yashi mai laushi sosai yana dunƙulewa ya hana saiwa iska, har ƙasan akwatin ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Wurin ɗebo ƙasar ne ke buƙatar lura. Gonakin albasar Aliero suna shan takin zamani da maganin ƙwari, kuma ɗan abin da ya saura a ƙasar ya isa ya kashe kifi. Gara ƙasar saurar da aka daɗe ba a noma ba, a Maiyama ko wani wuri.

Bayan an shuka, ƙasar kan fitar da sinadarin amoniya. Ana riƙa sauya wani ɓangare na ruwan, a jira mako 3 zuwa 4 kafin a saka kifi.