Kano Daga Kan Dutsen Dala: Abin Da Hoton 1851 Ya Nuna Da Abin Da Ya Rufe

Akwai wani tsohon hoto na birnin Kano wanda masu karatu da yawa sun sha cin karo da shi, ko a littattafan tarihi ko a intanet. Zane ne na hannu, mai launi siriri irin na fentin ruwa, an nuna gari a shimfiɗe, soraye da bukkoki da itatuwan dabino har iyakar ganin ido. A ƙarƙashinsa an rubuta da Turanci cewa Kano ce daga kan dutsen Dala, cikin watan Fabrairu na 1851. Jama'a kan ɗauke shi tamkar shaidar da ba ta da ja, su ce ga yadda Kano take a zamanin kakanni. To, bari mu tsaya mu dube shi da kyau.

Wanda ya fara zana shi wani Bajamushe ne mutumin Hambug, Dokta Heinrich Barth, wanda ya yi ta yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar, don a san hanyoyin ciniki, a kuma nemi yadda za a hana fataucin bayi. Sun tashi daga Turabulus a 1850, ya biyo ta Agadas da Tasawa da Katsina, ya shigo Kano ran 2 ga Fabrairu, 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Ya iso ne aljihu ba nauyi, ga bashi a wuya, ga zazzaɓi ya kama shi. A cikin wannan hali ne ya hau Dala da takarda da fensir.

Amma hoton da muke gani yau ba daga hannun Barth kaɗai ya fito ba. Da ya koma Turai a 1855, sai aka miƙa zane-zanensa ga wani gwanin zane mazaunin birnin Munik, Johann Martin Bernatz, ya sake zana su, ya gyara, ya sa musu launi. Daga nan masu ɗab'i suka kwafe a kan fallen dutse suka buga a cikin littafin tafiye-tafiyen Barth mai juzu'i biyar, wanda ya fito da Turanci da Jamusanci a 1857 zuwa 1858. Watau hannu uku ke nan. Shi Bernatz ya taɓa zuwa Falasɗinu, ya kuma zauna a Habasha tare da wata tawagar Ingila a farkon shekarun 1840, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ya kamata mai kallo ya riƙe wannan a ransa.

Abu na farko da ido zai lura da shi shi ne inda mai zanen ya tsaya. Dala ba dutse ne kawai ba ga Bakano. Tarihin Kano ya nuna nan ne mazaunin Barbushe da Tsumburbura tun kafin zuwan Bagauda. Barth dai tsayinsa ya ja shi, domin a wancan zamani babu wani wuri kusa da gidaje da za a hango gari gaba ɗaya kamar nan. Kuma a lokacin dutsen yana bakin gari ne ta wajen arewa. Gidaje sun taru kudu da gabas da shi, sauran filin da ke cikin ganuwa kuwa gonaki ne da makiyaya. Saboda haka mai zanen ya juya wa gonakin baya, ya fuskanci inda jama'a suke.

Wannan tsayuwa ita ta sa abin da ya fi kusa da ido ya zama unguwar Dala, inda attajiran Larabawa, musamman mutanen Gadamas, suke zaune, inda shi kansa Barth aka saukar da shi. Gidajen ƙasa masu shimfiɗaɗɗen rufi da suka fi fitowa sarai a hoton nasu ne da na maƙwabtansu. Barth ya rubuta cewa yawancin irin waɗannan gidaje suna da ɗan bene, kuma Larabawan kan kwana a kan soro. Can gaba, ƙetaren Jakara, wajen Gidan Rumfa da unguwannin Fulani masu mulki, komai ya ƙanƙance ya zama ɗigo-ɗigo. Ashe ke nan baƙon ɗan kasuwa shi ya sami gaban hoto, Sarki da fadarsa suka koma nesa. Ba da gangan aka yi ba, amma haka dutsen ya raba.

Sai maganar launi. A zanen fentin ruwa, mai zane ba ya cika takarda da fenti mai kauri. Yakan tsarma launin da ruwa, ya bar hasken takarda ya riƙa lekowa ta ƙarƙashi, abin da ke kusa ya sa masa launi mai ƙarfi, abin da ke nesa ya ƙara masa ruwa har ya kusa ɓacewa. Da wannan dabara ake sa fallen takarda ya yi zurfi. Masu buga hoton nan sun bi wannan hanya da 'yan launuka kaɗan, na jar ƙasa da na ganye da na sama. A Turai ƙa'ida ce da ake koya wa kowane ɗalibin zane, amma a nan sai ta zo daidai da gaskiya, gama duk wanda ya san Kano a watan Fabrairu ya san hazo kan cinye ƙarshen gari. Launin ƙasar nan kuma da ya game bango da hanya da fili ba ƙarya ba ne. Da ƙasar da ake takawa aka yi tubalin ginin, shi ya sa garin yake kamar daga ƙasa ya tsiro.

Dabinon fa? A nan ne nake ganin hannun Bernatz ya fi fitowa. Lalle akwai dabino a Kano, Barth ya ambace shi. Amma ya ambaci gwanda da rimi da alilliba tare da shi. Masu zanen Turai na ƙarni na 19 sun saba da dabino, shi ne alamar da suke sa wa duk ƙasar Musulmi mai zafi, daga Masar har Bagadaza, don mai saye a Landan ya gane inda aka dosa. Mutumin da ya zana Falasɗinu hannunsa ya san dabino sarai, rimi kuwa baƙo ne gare shi. A ganina shi ya sa dabino ya fi kama ido a hoton fiye da yadda zai kama idon Bakano.

Mutanen da ke cikin hoton 'yan ƙanana ne, ba a ganin fuskar kowa. Gari ya yi tsit, kamar ana tsakar rana a watan azumi. Alhali kuwa Barth da kansa ya ƙiyasta mazaunan birnin sun kai 30,000, ya ce a watannin da fatake ke shigowa, daga Janairu zuwa Afrilu, sukan kai 60,000. To, a tsakiyar wannan lokaci aka yi zanen. Ina hayaniyar Kasuwar Kurmi? Ina marina da masaƙa da mabuga, waɗanda ya ce tufafin da suke fitarwa a shekara sun kai kimanin wuri miliyan 300, ana kai su har Tambutu da Turabulus? Daga kan dutse ba a jin bugu, ba a ganin shuɗin baba a hannun marini.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. A cikin littafin nan guda, Barth ya yi maganar kududdufai cike da kainuwa da ruwan Jakara da ke kwance yana jawo cuta. Ya kuma yi maganar bayi, ya ce waɗanda ake fitarwa daga Kano a shekara za su kai kamar 5,000, ban da waɗanda ake sayarwa a cikin ƙasa. Babu ɗayan waɗannan da ya hau takardar hoton. Wanda ya rataye shi a zaure yana alfahari da Kanon dā, yana da gaskiyarsa, gari ne na arziki da sana'a. Sai dai rabin labarin yana cikin rubutun da ke shafi na gaba.

Wannan hali bai ƙare a 1851 ba. Dubi hotunan Abuja da ake bugawa a kalanda: Dutsen Aso, Masallacin Ƙasa, manyan tituna ba kowa a kai. Da wuya ka ga kasuwar Gudu da masu turin baro, ko maƙabartar Gudu inda ake kai talaka da mai mulki, balle ƙauyukan Gbagyi da birnin ya zauna a kan gonakinsu tun bayan dokar 1976. Mai ɗaukar hoton ya nemi wuri mai tsayi ne, kamar yadda Barth ya nema.

Barth ya sake biyowa ta Kano a watan Oktoba na 1854, yana dawowa daga Tambutu, a lokacin har an baza labari a Turai cewa ya mutu. Shekara 52 bayan zanen, a watan Fabrairu na 1903, sojojin Lugga suka fasa ganuwar suka shiga birnin. Sai jirgin ƙasa, sai dalar gyaɗa, sai kwanon rufi. Wanda ya hau Dala yanzu ya fuskanci kudu, abin da zai fara ja masa ido shi ne hasumiyoyi da ƙubbar Masallacin Juma'a da aka gina a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, shekara ɗari bayan Barth. Gonakin da ya juya wa baya duk sun zama unguwanni, gidaje sun zo har gindin dutsen ta kowace fuska, badala kuma a wurare da yawa sai dai tsofaffi su nuna maka inda ta bi.