Fijo 504: Motar da Ta Yi Zamani a Hanyoyin Arewa

Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo, mota ce ƙirar Faransa da aka fara fito da ita a 1968. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana fasalinta, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. An yi ta iri-iri: akwai salun mai ƙofa huɗu, akwai wagon mai layin kujeru uku, akwai kuma a-kori-kura ta ɗaukar kaya. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, amma a Kaduna an ci gaba da harhaɗa motar sama da shekara ashirin bayan haka.

Abubuwa biyu suka share mata hanya a Nijeriya. A watan Afrilun 1972 ƙasar ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama, wanda ya dace da motocin Faransa masu sitiyari a hagu, ya kuma daidaita ta da Nijar da sauran maƙwabta. Sannan a 1975, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, masana'antar harhaɗa Fijo ta PAN ta fara aiki a Kakuri da ke Kaduna. Lokacin tashar jiragen ruwa ta Legas a cushe take, don haka ta sama aka riƙa kwaso sassan motar daga birnin Liyon zuwa filin jirgin saman Kano, daga nan manyan motoci su kai su Kaduna. Da gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, sai Fijo ta zama motar jami'an gwamnati. Daga nan malamin makaranta da ma'aikacin banki da ɗan kasuwa duk suka sa mata ido, musamman da yake ana ba ma'aikata rancen sayen mota.

Goyon bayan hukuma kaɗai ba ya sa direba ya so mota. Abin da ya ɗaure ta a zukatan matuƙa yana ƙarƙashinta. Tana da tsayi daga ƙasa, ga sifirin da shokazoba masu dogon zango, waɗanda ke ba taya damar faɗawa rami ta fito ba tare da jijjigar ta kai ga fasinja da ƙarfi ba. A hanyar burji mai gargada, inda ƙaramar mota ke karkarwa kamar mazari, ita lafewa take yi, kuma tsofaffin direbobi sun san cewa a irin wannan hanya matsakaicin gudu ya fi tafiyar hawainiya daɗi. Da tayoyin baya take ja. Sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa baya tana cikin wani bututun ƙarfe mai kauri, wanda ke kare ta daga duwatsu, yana kuma riƙe ƙafar baya kada ta yi wasa idan an taka mai ko birki. Wannan ne ya sa take tafiya sak a miƙaƙƙiyar hanya ko da ta sha kaya. A kwana kuwa tana ɗan kwantawa gefe, saboda laushin sifirin, kuma wanda bai saba da ita ba yakan tsorata, alhali tayoyin suna nan dafe da ƙasa. Inda take buƙatar hannu na gaske shi ne a laka ko kwalta mai santsi, musamman a-kori-kura idan ba kaya, domin bayanta kan zame idan aka ba ta wuta da gaggawa.

Injinta mai silinda huɗu ne, na farko lita 1.8, daga baya lita 2. Ba shi da kwamfuta, kafireta ce ke haɗa mai da iska. Bakanike mai sifana da sukundireba da kunne mai kyau yana iya gano ciwonta a bakin titi, kuma kayan gyaranta ana samun su a kusan kowane gari da ke da tasha. Ga mai mota wannan ya fi kowane ado daraja, domin motar da ta mutu tsakanin Potiskum da Damaturu ba kyawun fenti ne zai tashe ta ba.

Masu tseren motoci ma sun gwada ta. A 1975 Ove Andersson, ɗan ƙasar Suwidin, ya lashe gasar Safari ta Kenya da 504, kuma a shekarar ce Hannu Mikkola ya ci gasar Maroko da ita. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da samfurinta mai ƙofa biyu da inji mai silinda shida. A shekarun 1970 da 1980 kuma matasan Turai sukan sayi tsofaffinta, su keto Sahara ta Tamanrasset da Asamaka, su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai.

A zamaninta, a tasha wagon ce sarauniya. Fasinja bakwai aka tsara mata, 'yan kamasho kuwa sukan ƙara, a ɗaure kaya a baya har ƙofar but ta ƙi rufuwa. Wanda ke sauri yakan bar bas ya biya kuɗin Fijo. A nan ne kuma aibinta ya fi fitowa. Mota ce ta zamanin da ba a san jakar iska ba, tana shan mai idan aka kwatanta da na yanzu, tsatsa na cin bodinta, kuma gudun wuce sa'a da lodi fiye da kima da suɗaɗɗun tayoyi sun jawo asarar rayuka da yawa. Galibin laifin na masu tuƙi ne da masu lodi.

Tattalin arziki ne ya kayar da ita. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 darajar naira ta faɗi, sassan da ake shigowa da su suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. Motocin gwanjo na Japan da Jamus, waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, suka cika kasuwa, hukumomi ma suka juya ga Toyota da Honda. An sayar da hannun jarin gwamnati a PAN a 2006, sannan hukumar AMCON ta karɓe kamfanin a 2012 saboda bashi. A 2022 wani sabon kamfani, Dangote Peugeot, ya fara harhaɗa sababbin samfura a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, amma babu 504 a cikinsu.

Waɗanda suka rage yanzu galibi a-kori-kura ne da wagon masu jigilar hatsi da itace da dabbobi zuwa kasuwannin ƙauye, sai kuma ɗaiɗaikun salun da masu sha'awa ke adanawa. Mai neman saye ya fara duba ƙasan bodi da mazaunin shokazoba kafin inji, domin inji yana gyaruwa da sauƙi, ƙarfen da tsatsa ta cinye kuwa sai an yanke an yi walda.